Faɗin Makara

'Yata ce ta kawo mini wasan, a shekarar da gwiwata ta ƙi ni. Na daɗe ina tsayuwa a kan tukunyar koko a bakin titi, nan Zango, har wata damina ƙafar dama ta kumbura kamar tulu, likita ya ce in zauna. Zama ba halina ba ne. Da na zauna sai na shiga faɗa da duk abin da ya gifta: masu haya, kajin masu haya, har rediyo in ya yi ƙarya. 'Yata ma'aikaciyar jinya ce, tana aure a unguwar Buokrom, Lahadi-Lahadi take zuwa. Ta tarar da ni wata rana ina zagin buta don ta kife, mako na zagayowa ta zo da wata waya mai faɗin faranti ta ɗora mini a cinya.

"Ga gari sukutum na kawo miki," in ji ta. "Ki yi ta mulkinsa, mutanen gida su huta."

Wasa ne na gina gari. Ana ba ka fili kore shar, babu kowa, ƙasar a rarrabe gida-gida kamar tayil ɗin masallaci. Da yatsa kake yin komai. Ka aza gida, ka shimfiɗa hanya, ka haƙa rafi, ka tayar da tudu, ka dasa itace. In inda ka sa gida bai yi maka ba, ka ɗaga shi ɗungurungum ka kai gaba, ba mai kai ƙararka wurin sarkin Zango. Sannan wasu 'yan mutane masu manyan kawuna suna zuwa su tare, suna yawo suna gaishe ka, kowa da ƙorafinsa. Akwai kuma wata mata mai tabarau a ofis, ita ke duba garin ta ba shi taurari.

Da Turanci suke magana, a rubuce. Ina karantawa, a hankali, ina bi da yatsa. Sai da na haura arba'in na shiga makarantar manya a unguwar Asawase, bayan la'asar, da baƙin gawayi a farce. Baba, Allah ya jiƙansa, Yaya ya kai boko, ni aka ɗora mini tire. To ga shi karatun nawa ya yi rana: na iya karanta kukan wani mai ƙaton kai da ke cewa tagar maƙwabcinsa ta yi kusa da tasa.

Yana da gaskiya, don garin farko da na gina Zango ne. Shi na sani. Na jera gidaje baya da baya, ƙofa na kallon ƙofa, na bar 'yan siraran lunguna a tsakani, na cika kowane tayil. A idona ya yi kyau, ba a yi asarar fili ba. Matar ofis ta ba ni tauraro ɗaya tak, ta ce garin yana bukatar furanni da wurin shan iska. Na ce mata, da bakina, a Zango wanda ya sami fili kamar tabarma ya shuka fure a kai, danginsa za su nemo malami ya yi masa tofi.

"Da wa kike faɗa kuma?"

Mma ce ta tambaya, uwar da ta haife ni. A lokacin ta tsufa ƙwarai, amma idonta na kusa ras yake, bakinta kuma ya fi idon. Ɗakinta ne na can ƙurya. Bayan azahar takan fito ta zauna a tabarma a gindin bango, ni ina kan kujera da ƙafa a miƙe. Ita ce mai wankan gawar mata a unguwarmu tun ban yi wayo ba, har hannunta ya fara rawa ta miƙa wa wasu.

"Da wata Baturiya a cikin waya," na ce.

"Kawo in gani."

Na sauko mata da wayar. Ta daɗe tana kallo. Ta ɗaga yatsa ta bi wani lungu da shi, ba ta taɓa gilashin ba.

"Wannan lungun, makara za ta wuce?"

"Mma, ba a mutuwa a nan."

"Ba a me?"

"Ba sa mutuwa. Ba sa ma tsufa."

"To garin maƙaryata ne," in ji ta. "Faɗaɗa shi duk da haka."

Wanda bai zauna Zango ba zai ɗauki tambayar rigimar tsufa ce. A da lungunan nan da faɗinsu. Iyali suka yi yawa, ƙasa ba ta ƙaru ba. Wannan ya ƙara ɗaki ya ciyo hanya kaɗan, na gabansa ya gani ya fito da makewayi, wani ya dasa kontena. Yau akwai lungun da mai jiki sai ya bi shi a kaikaice. In an yi rasuwa a irin gidajen nan, makara a bakin titi take tsayawa. A tabarma ake naɗo gawa, maza su biyo da ita ɗaya bayan ɗaya, in an zo kwana a ɗaga ta. Mma ta ga wannan ya fi a ƙirga, kuma bai taɓa zame mata jiki ba.

"Ki wanke mace," takan ce, "ki tsane ta, ki sa mata turare, ki naɗe ta tsaf. Sai maza su zo su miƙar da ita tsaye a kwana kamar sun sayo katifa a kasuwar Kejetia."

Namu lungun yana cikin 'yan kaɗan da suka tsira. Gidanmu a ciki yake, bayan an sha kwana ɗaya, kuma filin da ke hannun hagu daga titi har kwanar na Baba ne. Fataucin goro ya yi, ya bar wurin a buɗe don amalanke ta riƙa shigo da huhuna, ya hana kowa ɗora ko bulo. Da ya rasu makara ta shigo har ƙofar zaure, aka fitar da shi a kafaɗa, a kwance. Ina tsaye na gani.

"Haka zan fita," in ji Mma ranar, wayar tana hannunta. "A kwance, kamar ubanku. Ban nemi komawa Makka ba, ban nemi zinariya ba. Wannan kawai."

Muka rushe garin muka sake. A wasa rushewa ba ta da ƙura. Mma ta zama injiniya, ni lebura. Dokarta ita ce kowace hanya ta ɗauki makara da masu ɗaukarta, kowace kwana ta bari a juya ba a karkata ba. Kantin wasan ba ya sayar da makara, sai na sayi wani dogon benci na lambu, irin wanda masoya ke zama a kai, muka mayar da shi ma'auni. In na gama hanya sai in ɗauko bencin da yatsa in ja shi daga ƙofar gida har bakin gari. In ya maƙale a kwana Mma ta ce, "Ɗaga gidan can." In ɗaga. Mai gidan ya fito yana tsalle yana godiya an canja masa wuri.

"Ka ji ɗan halak," in ji Mma. "A nan ka taɓa wa mutum dutsen murhu sai an je kotu."

Wasan yana son kowane gida ya tsaya shi kaɗai, da ciyawa a gabansa da ɗan shinge, yana kallon titi. Mma ta ce wannan zaman marasa dangi ne, mace za ta faɗi a ɗaki ta kwana ba wanda ya sani. Ta sa na haɗa gidajen rukuni-rukuni, suna kewaye da tsakar gida, da itace a tsakiya. A gaban kowane rukuni kuma na bar fili fayau, ba fure ba komai, don ranar suna ko zaman makoki a kafa rumfa ba sai an tare titi motocin haya na trotro na ta hon ba. Itatuwan kantin tuffa ne da wasu na Turawa da ban san sunansu ba. Ta nemi goro, babu. Ta nemi mangwaro, babu.

"To sa wanda ya fi inuwa."

Masallaci ma babu. Na zaɓi gida mai koren rufi na sa shi a tsakiyar gari, na juya shi ya fuskanci inda ranar wasan ke fitowa. Na sayo butocin shayar da fure na jera a ƙofarsa, su ne na alwala. Wani mai ƙaton kai ya zo ya ɗauki ɗaya ya yi gaba. Mma ta ce ai ko a namu masallacin haka ake yi, wannan ɗan Zango ne.

Na haƙa rafi ya ratsa garin daidai yadda babbar gota ke ratsa unguwarmu tana kwashe ruwan kowa. A wasa ruwan garai-garai yake, har da kifi. Mma ta ce tana yarinya ta yi wanki a namu, kafin ya koma abin da ya koma. Bayan tudu kuma ta sa na yi maƙabarta, ko da ba a mutuwa. Na kewaye fili da shinge na jera ƙananan duwatsu. Matar ofis ta rubuto cewa akwai tarkace a arewacin gari, a kwashe. Na karanta na fassara wa Mma.

"Ce mata uwarta ce tarkace."

'Yata ta zo ran Lahadi ta duba garin ta kwashe da dariya. Ta ce, "Kaka, waɗannan hanyoyin jirgin sama zai sauka a kai?" Mma ta ce mata ta je ta yi wa mutane allurarta, tsara gari ba na yara ba ne.

Ban taɓa samun uwata kamar a watannin nan ba. Ni da ita tun ina ƙarama aike ne da faɗa. Sai ga mu da tsufanmu kai da kai a kan gilashi ɗaya, tana cewa matsa hagu ina matsawa.

Ana nan Yaya ya zo da magini da igiyar awo.

Yaya ne ɗan farin Mma, shi ne babba a gidan tun rasuwar Baba, yana zaune da iyalinsa a Asawase. Ban taɓa jin Mma ta kira sunansa ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, ita kuma ta riƙe ta da ƙarfi fiye da kowa. "Wancan" take cewa, ko "yayanki". In ya shigo gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Ko goro ba ta taɓa ce masa ya sayo mata ba: ni za ta gaya wa, ni in gaya wa matarsa, matarsa ta gaya masa. Ni kuwa sunana a bakinta yake daga safe har dare, rabi da zagi.

Shago zai gina a filin Baba na bakin lungu, ya ba da haya. Ban ce ba shi da hujja ba. Kwanon rufin gidan ya ruɓe, da damina da robobi muke kwana a tsakar ɗaki, maganin Mma shi ke saye, ni kuma koko ya tsaya. Amma da na ɗingisa na leƙa inda magini ya kafa turaku ya ja igiya, na ga abin da zai rage: hanyar mutum ɗaya, daga titi har kwana.

Na dawo na gaya wa Mma. Ta ci gaba da jan carbi. Can ta ce, "Ke da kika yi boko, ba za ki nemo masa wani wurin ba?"

Sai na share wani gefe a garin wasa na gina gidanmu. Zaure, tsakar gida, ɗakunan haya, ɗakin Mma, katangar maƙwabta, gota. Na yi ta zagaya gidan gaske da sanda ina dubawa, in dawo in gyara na waya. Na ɗauki shagon na sa shi nan, na sa shi can, ko'ina benci ya maƙale. Daga ƙarshe na ga wuri: tsohon ɗakin ajiyar goron Baba, wanda ba komai a cikinsa sai ɓeraye da karyayyun kujeru. Bayansa yana kallon ƙaramin titi, gota ce kawai a tsakani. A fasa bangon baya a yi ƙofa, a ɗora 'yar gada a kan gota, shago ya samu, lungu ya tsira. Na sa gadar. Na dasa itace a gefenta. Na ja benci daga ƙofar ɗakin Mma har titi bai taɓa komai ba. Mma ta ce in sake ta gani. Na sake.

Ran Juma'a bayan an sauko Yaya ya dawo da maginin don a sa ranar fara aiki. Suka zauna a tsakar gida, aka kawo musu ruwa. Mma tana kan tabarmarta, rabin fuska ga bango. Na ce ina da magana.

"Ke kullum kina da magana," in ji Yaya. "Faɗi."

Na miƙa masa wayar. Ya ɗora tabarau ya duba. Daidai lokacin wani mai ƙaton kai ya biyo lungun yana shan alawa yana rangaji.

"Wannan wane ne? Sabon ɗan haya?"

Magini ya yi dariya ya rufe baki.

"Bar kallonsa, kalli lungun."

"Ina kallo, Madam Injiniya. Bencin nan fa?"

"Makara ce."

Dariyar ta tsaya. Na yi bayani tiryan-tiryan, ban zagi kowa ba, kuma hakan ya yi mini wuya. Na ja bencin a gabansu. Yaya ya saurara har na gama, ba zan hana shi wannan ba.

"Gidan ne sak," in ji shi. "Kin yi ƙoƙari. Amma gotar taki ta waya ba ta cika. Ta gaske in an yi ruwa har gwiwa take haurowa a wannan bangon, kin fi ni sani. Gada kuma ba a ɗora ta sai hukuma ta yarda. Sannan wa zai kama shagon da ƙofarsa ke shaƙar gota?"

Magini ya gyaɗa kai. A wasa ba wari, ba ambaliya, ba hukuma. Na ce to a rage faɗin shagon gaba. Yaya ya ce in an rage ya zama akurki, ba mai kamawa.

"Kuma duk Zango haka ake yi yanzu. Limamin lungun baya a tabarma aka fito da shi. Mun fi shi ne? Allah ba ya tambayar ta inda aka bi da mutum."

"Ba Allah ne ya tambaya ba. Mma ce."

Yaya ya cire tabarau. Ya juya wajenta, ya sassauta murya yadda yake yi mata kullum.

"Mma, haka ne? In ba ki so, a fasa. Wallahi yau a fasa."

Da gaske yake, na yarda da wannan, shi ya sa abin ya fi cina. Kalma ɗaya ce ta rage. Har 'yar hayar da ke wanke-wanke ta tsayar da hannu. Mma ba ta kalle shi ba. Ta gyara mayafi, ta dubi bango.

"Wasa muke yi da wayarta," in ji ta. "Ku yi aikinku."

Yaya ya miƙo mini wayar. "Kin ji. Je ki ba mutanenki abinci."

Suna fita na bi ta ɗaki ba sallama.

"Me ya sa?"

"Rage murya."

"Ba zan rage ba. Da bakinsa ya tambaye ki."

"In buɗe baki in roƙi wancan abu, a gaban magini da masu haya? Ban yi ba ina da ƙarfina, sai yanzu?"

"To ki kira shi shi kaɗai."

"Ke ba ki da kunya, shi ya sa kike ganin abin da sauƙi."

"Kunyar nan ce za ta miƙar da ke tsaye a kwana."

Ta jefe ni da mafici. Bai same ni ba.

Na bi tsohuwar hanya, na gaya wa matarsa. Ta dawo ta ce ya ce da kunnensa ya ji daga bakin Mma, ba zai bar maganar uwa ya ɗauki ta ƙanwa ba. Na hau trotro da ƙafata mai ciwo na same shi a Asawase. Na ce, kai ma ka san ba za ta iya faɗa maka ba, shekara nawa kana ɗanta. Ya ce, "Ke kika sa mata wannan tsoron da abin wasanki. Kafin wayar nan ta shigo gidan wa ya taɓa jin maganar makara?" Na ce ni na ji, tun kana aji kana koyon Turanci ina riƙe mata ƙwaryar ruwan wanka. Ya ce in gaida gida.

Aka kawo yashi da bulo. Shago ya tashi, aka shafa masa fenti ruwan ɗorawa, wani mai kayan masarufi ya kama. An canja kwanon rufi, damina ta gaba ba mu kwana da robobi ba, Mma ta yi barci a busasshen ɗaki. Wannan ma gaskiya ne, na rubuta shi.

Lungun ya koma abin da na gani a igiya. Mai tire sai ta sauke kafin ta shigo. Mma ba ta ƙara tambayar garin ba. Takan fito tabarmarta bayan azahar, in na ɗauko wayar sai ta juya ta ce ido ke mata ciwo. Ni na ci gaba, da haushi. Na faɗaɗa hanyoyi har suka fi gidajen yawa. Na dasa furannin da matar ofis ke naci a kai, ja da fari, a bakin kowace hanya, tunda ba sauran wanda zan yi gardama dominsa. Ta cika mini taurarina, ta rubuto cewa garina abin koyi ne, aka yi wasan wuta a sama, masu manyan kawuna suna tafi. Na kife wayar.

Mma ta rasu da hantsi, bayan ƙaramar Sallah. Ba ta yi dogon ciwo ba. Ta sha koko, ta ce ya yi tsami, ta kwanta. Ni na wanke ta, ni da mata biyu da ita ta koya wa aikin. Na yi yadda take yi: ruwan ɗumi, dama kafin hagu, jiki a rufe, ba magana sai addu'a. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na sa mata turare, muka naɗe ta tsaf.

Makara ta zo daga masallaci ta tsaya a bakin titi, a gaban shago. Mai shagon ya rufe ƙofarsa ya shiga cikin jama'a. Maza suka shigo da sabuwar tabarma.

Mu mata a zaure muke tsayawa. 'Yata ta kama hannuna ta ce in koma ciki, na fizge. Daga ƙofar zaure ana ganin kwanar. A jere suka ɗauke ta, ɗaya bayan ɗaya, Yaya a gaba wajen kai. Har kwana lafiya. A nan suka tsaya. Ya gwada juyawa, tabarmar ta tokari kusurwar shago. Ya ja baya ya sake gwadawa. Wani ya ce a ɗaga. Wani ya ce a hankali. Na baya ya durƙusa ya yi ƙasa da ƙafafun. Na ga Yaya ya sa kafaɗa, ya tallafo kanta da tafin hannu, ya ɗaga sama, ya ƙara ɗagawa, har tabarmar ta kusa miƙewa, ta fi shi tsawo. Mma gajeriya ce. Ban taɓa ganin ta fi kowa tsawo ba. Suka juya da ita, bango ya rufe su.

Matan da ke bayana sun sunkuyar da kai. Ni ban sunkuyar ba.

Bayan la'asar Yaya ya dawo daga maƙabartar Tafo, da jar ƙasa a ƙafa da bakin riga. Ya same ni a ɗakin Mma ina zaune a kan gadonta. Bai shigo ba. Ko tana raye a bakin ƙofa yake tsayawa. Ya zauna a dokin ƙofar, idonsa jajir.

"Da hannuna na riƙe kanta," in ji shi. "Bai taɓa bango ba. Ko kaɗan."

"Na gani."

"Na tambaye ta. Kina wurin. Na ce in ba ta so a fasa."

"Ina wurin."

Ya jira in ƙara wani abu. So yake in ce ba laifinsa ba ne, kuma wataƙila rabin haka ne.

"Yaya," na ce, "in na riga ka, kada ka shiga cikin masu ɗaukata. Ka tsaya a titi wurin makara ka jira."

Ya dubi ƙafafunsa, sannan ya ce to. Aka kira shi daga waje, baƙi sun zo gaisuwa, ya tashi ya je ya tarbe su. Ni na ɗauko tsintsiya na share jar ƙasar da ya bari a bakin ƙofa.